Ƙyashi a Bayan Tagar Kaka

Kwanakin baya ina tsaye a bakin titi a unguwar Bassa, a nan Douala, an tashi daga aiki, ina jiran abin hawa, sai wata mai sayar da lemu ta tattara ɓawon da ta fere ta zuba a kan garwashin maƙwabciyarta mai gasa masara. Hayaƙin ya taso da ɗacinsa da ɗan zaƙinsa ya shige mini hanci. Masu babur suka riƙa tsayawa suna yi mini magana, ban amsa wa ko ɗaya ba. Hankalina ya riga ya koma unguwar New Bell, ɗakin ƙarshe na gidanmu, ina durƙushe gaban kasko ina hura garwashi, kakata tana zaune a bakin gado tana sosa idon sawunta.

Mai karatu, in ba ka taɓa yin damina a Douala ba, sai na fara bayyana maka ita, domin ba irin wadda iyayenmu suke ba da labari a arewa ba ce, wadda hadari zai haɗu, ya zubar, gari ya washe. Tamu ba ta da wannan mutuncin. Ruwa yakan fara kamar da wasa ya kwana ya wuni, ya ƙara kwana, har mutum ya manta kalar rana. Gishiri ya narke a cikin gwangwani. Ashana ta ƙi kamawa. Takalmin da ka ajiye a ƙarƙashin gado ya yi furfura. Wanki ya yi kwanaki a kan igiya, a ƙarshe a sauke shi da ɗanshinsa da warinsa a sa a jiki haka nan. Unguwarmu kuwa a kwari take, duk ruwan da ya rasa wurin zuwa wurinmu yake sauka. A tsakar gida bulo ake jerawa a ɗora katako a kai, a kansa ake tafiya daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa makewayi. Mu yara muna ɗaukar abin wasa. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa, katakon nan iyaka ne. Daga farkon damina zuwa ƙarshenta kakata ba ta cika wuce ƙofar ɗakinta ba.

Ita ce ta haifi mahaifina. Tana yarinya ƙarama kakana ya taho da ita daga wani ƙauye a bakin fadama a ƙasar Haɗeja, tare da ƙaninsa wanda a lokacin ko gemu bai fara ba. Ita ta yi wa yaron nan wanki da tuwo har ya zama mutum. Da suka sami fili, kakana ya raba shi biyu: ya ɗauki gaba, ya bar wa ƙaninsa baya. Tsakanin gidajen biyu akwai rigol, wato ƙaramar magudana, wadda take ɗaukar ruwan tsakar gidanmu, ta bi ta ƙarƙashin tagar kaka, ta ratsa gefen filin ƙanin kakana, ta faɗa babbar kwata ta bakin titi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. 'Yan'uwa ne, kuma ruwa ya san hanyarsa.

Ban san kakana ba, ya rasu kafin in yi wayo. Ƙaninsa na sani, wanda kowa a kartiye, wato unguwarmu, yake kira Alhaji, babban mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Kongo. A rumfarsa mahaifina yake zama, shi yake buɗewa, shi yake rufewa. Tsakanin Alhaji da kaka akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji, kuma ba su taɓa gajiya da shi ba. Yakan leƙo ta tagar tun daga nasa ɓangaren ya ce, "Matar Yaya, har yanzu ba ki yanke shawarar aurena ba?" Ita kuma ta ce, "Je ka goge majinar da na sha share maka tukuna." Sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya miƙo mata goro ta tagar.

A ɗakin kaka na tashi, kamar yadda ake ba tsofaffi jika ta riƙa yi musu aike. Tana kirana ƙawata idan muna shiri, 'yar lekol, wato 'yar makarantar boko, idan na ɓata mata rai. Idanunta sun fara dushewa, don haka ni ce idanunta. Ni nake zura mata zare a allura, ni nake tsince mata tsakuwa a shinkafa, ni kuma nake duba mata ƙananan ƙwarin da suke shigowa ɗakin, domin ita ba ta yarda a kira kowane abu mai fiffike ƙuda a wuce ba. Takan ce wanda bai san sunan baƙonsa ba bai san ta ƙofar da zai raka shi ba.

Hanyarta mai sauƙi ce. Tana da wani farin faranti na tangaran wanda bakinsa ya ɓantare. Sai ta sa in shafa masa man gyaɗa kaɗan in ajiye a bakin taga. Bayan wani lokaci in ɗauko in kawo kusa da haske, ita ta riƙa tambaya ni ina amsawa. Mene ne launinsa? Idonsa fa? Yaya ya ajiye fikafikansa?

A haka na koyi bambanta su. Akwai mai launin toka, mai gashi a jiki kamar an lulluɓe shi da ɗan bargo, wanda yake baje fikafikansa kamar ganye ya manne a bangon makewayi. Malalaci ne, ko ka kai hannu sai ya ɗan yi tsalle ya sake zama kusa, in ka murƙushe shi ya bar maka ƙura a yatsa. Wannan ɗan bango take ce masa, sunan da ita ta raɗa masa. Ba ya cizo, amma in ya yi yawa, to bakin magudana ya yi yauƙi, a kawo tafasasshen ruwa da tsintsiya. Akwai kuma mai jan ido, ɗan ja-ja, wanda yake shawagi a hankali kamar mai neman abin da ya ɓatar. Shi ɗan ayaba ne, in ka gan shi ka duba kwando, wani abu ya nuna ya wuce. Sauro kuwa ba ya buƙatar faranti, da kansa yake gabatar da kansa a kunne. Waɗannan duka tsofaffin maƙwabta ne, mun saba da su, kowanne an san maganinsa.

Shekarar da nake tsakiyar firamare Alhaji ya rushe gidansa na katako ya fara bene. Kowa ya yi murna, kuma ina shaida kaka ta fi kowa. Ranar da aka zuba harsashi ta sa mahaifiyata ta dama fura aka kai wa magina. Sai dai da gini ya tashi, katangar baya ta zauna daidai kan rigol. Maginan suka cike ta da siminti. Tsakanin katangar da tagar kaka aka bar wani ɗan lungu wanda ko akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba, toshe ta kowane gefe. Da rani babu wanda ya lura, sai dai ɗakin ya yi duhu. Da damina ta sauka, ruwan gidanmu ya zo inda ya saba wucewa ya tarar da bango, ya tsaya. Ruwan kwanon bene ya riƙa zuba a kansa daga sama. Akwai kututturen ayaba da aka sare lokacin gini aka watsar a wurin, suka jiƙe suka ruɓe. Lungun ya zama baƙin taɓo wanda ba ya bushewa, kuma babu ƙofar da za a bi a shiga a kwashe shi.

Sai wani sabon abu ya fara cizonmu. Ba ya kuka, ba a ganinsa. Da sanyin safiya da kuma bayan la'asar sai ka ji kamar an ɗora maka kan allura mai zafi a wuya ko a idon sawu, ka kai mari ka tarar babu komai, sannan wurin ya tashi ya yi ta ƙaiƙayi kwana da kwanaki. Gidan sauro bai hana shi ba, ta cikin ramukan yake wucewa kamar ba a ɗaura komai ba. Kaka ta ce a kawo faranti. Da na ɗauko shi daga taga na ga kamar an barbaɗa masa masoro. Sai da na matso da shi dab da idona na gane ɗige-ɗigen nan masu rai ne. Ta ce, "Fikafikan a buɗe suke?" Na ce a'a, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya a bayansa, kamar almakashi a rufe. Sai ta ce, "Ƙyashi ne. Rabona da shi tun fadamar garinmu. Sauro ko ba komai yana sallama. Wannan ba ya sallama."

Wannan shi ne karo na farko da na ji an kira ƙwaro da wannan suna. A lekol da kan titi mutmut muke cewa, haka ma mahaifiyata da duk wanda aka haifa a Douala. Kalmar ƙyashi mun san ta sarai, amma da ma'ana ɗaya tak: baƙin cikin alherin da ya sami wani. A wa'azi muke jinta, da kuma bakin mata in ana gulma. Ban san tana da wata ma'anar ba, kuma daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce.

A tsakiyar daminar nan surukar Alhaji ta haihu, aka yi suna a sabon bene. Kaka ta ce ko da rarrafe sai ta je. Mahaifina ya riƙe ta ta wannan gefe, ni ta wancan, muka bi katako muka zagaya ta titi. Aka shimfiɗa mata darduma a falon ƙasa a tsakiyar mata. Gidan cike yake: matan kartiye, matan 'yan kasuwa, da matan da aka auro daga Garoua da Maroua waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce da ta zaman tare. Ana ta yaba tayil da fenti. Wata ta lura da hannuwan kaka duk tabo, ta ce, "Inna, lafiya kuwa? Kin rame." Kaka kuwa, da muryarta ta kullum wadda ba ta san raɗa ba, ta ce, "Ina fa lafiya, 'yar nan. Tun da aka tayar da benen nan ƙyashi ya hana ni sakat. Ko barci ba na iyawa."

Ina zaune a gefen ƙafarta. Na ga yadda hannuwa suka tsaya a cikin kwanon shinkafa. Wata ta ce, "A'uzubillahi," a hankali. Wata ta juya ta yi wa ta kusa da ita magana da Faransanci, na kuma ji abin da ta ce, domin ni 'yar lekol ce: ko ba komai tsohuwar ta faɗi gaskiya. Kaka ba ta ga fuskokinsu ba, idanunta ba su kai nan ba. Ta ci gaba da cin goronta, ta sa wa jariri albarka, muka dawo.

Kafin a share tsakar gidan suna maganar ta kai har unguwar Nkololoun. Matar wa ta faɗa da bakinta, a gaban jama'a, a cikin gidan mutumin, cewa ƙyashin benensa ya hana ta barci. Haka aka ajiye ta, haka kuma ta zauna.

Aikina yau ajiyar takardu ne, kuma abin da na fi ƙi a aikin nan shi ne a sa takarda a jakar da ba tata ba. Takardar da ta ɓata ana iya nemanta. Wadda aka ajiye a ƙarƙashin sunan da ba nata ba, babu mai nemanta, domin kowa yana ganin ya san inda take. Abin da aka yi wa maganar kakata ke nan. Daga ranar, duk abin da ta yi da wanda ba ta yi ba, a jaka ɗaya ake zuba shi.

Mahaifiyata ce ta gaya mata abin da ake faɗa. Ta ce, "Inna, da kin ce mutmut ai da ba a kai nan ba." Kaka ta ce, "Ni da harshen uwata da ubana, sai na je aron sunan ƙwaro a wurin Nasara?" Amma ta yi bayani. Duk macen da ta shigo gaishe ta sai ta sa in ɗauko faranti in nuna mata. Sukan duba su ce, "Ai mutmut ne, Inna." Ta ce shi ne ƙyashi. Su ce, "To, Allah ya sa haka ne," da irin murmushin da ake yi wa wanda ya yi ɓari yana ƙoƙarin kwashewa. A waje kuma labarin ya ƙara tsawo: tsohuwa ta ji kunya, ta ƙirƙiro ƙwaro.

Maganin abin a fili yake, kuma ba mai wuya ba ne. A fasa ƙasan katanga a sa bututu, ruwa ya koma hanyarsa, lungu ya bushe. Mahaifina ya san haka. Ya yi ta juya maganar a bakinsa makonni, domin mutum ba ya zama a rumfar baffansa da safe ya ce masa ya fasa bangonsa da yamma. Ranar da ya daure ya je, bai ma sami ganin Alhaji ba. Babban ɗan Alhaji ne ya tare shi a ƙofa ya ce, "Mun ji abin da Inna ta ce. Yanzu kuma ginin za a fara ɓantara?" Mahaifina ya dawo bai ci tuwo ba. Bai sake komawa da maganar ba.

Ya ce wa kaka ta dawo ɗakinsu na gaba, su su koma nata. Ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan ta yi zaman aurenta, a nan mijinta ya cika, kuma in ta tashi yanzu za a ce ganin benen ne ta kasa jurewa. Gaskiyarta ne, da haka za a ce. Da cizon ya yi yawa ta sa aka rufe tagar, sai ga shi an ce ta rufe taga don kada idonta ya sauka a kan bene. In ta buɗe, ƙwari su cinye ta. In ta rufe, baki ya cinye ta. Ta daina aika abinci gidan Alhaji don kada a ce neman wanke kai take yi, sai aka ce ga shi nan, har zumunci ta yanke. Alhaji kuwa, tun ranar suna bai sake leƙowa ko ƙofar ɗakinta ba.

Haka muka ƙarasa daminar a ɗaki rufe. Zafi da ɗanshi suka haɗu, bango ya yi baƙi daga ƙasa, tufafin da ke cikin akwati suka ɗauki warin ƙasa. Duk da rufewar, ƙyashin yana samun hanya ta tsagar katako. Safe da yamma ina hura garwashi ina zuba busasshen ɓawon lemu, hayaƙi ya cika ɗakin har idanunmu su yi ta zubar da ruwa. Kaka ta rage magana. Wasan da take yi da ni ma ya ragu. Wani lokaci sai in ga ta juya fuskarta wajen tagar da ke rufe kamar tana sauraron takun wani.

Sallah ta zo ruwa bai gama ɗaukewa ba. A al'adarmu, duk abin da ke tsakani, ƙani ba ya barin ranar Sallah ta wuce bai je ya gaida matar wansa ba, kuma Alhaji mutum ne mai kiyaye abin da jama'a za su gani. Ya saba zuwa da hantsi bayan an sauko daga idi. A wannan shekarar kaka ta aika masa cewa da hantsi za ta kwanta, ya zo bayan la'asar. Da lokaci ya yi ta ce mini, "Ƙawata, yau kada ki hura wuta. Buɗe tagar nan, ƙyaurenta duka biyun."

Ya shigo cikin farar shadda mai sheƙi, sabuwa fil, yana ƙamshin turare. Na shimfiɗa masa buzu inda ta nuna mini, daidai ƙarƙashin taga. Ya zauna ya ce, "Barka da Sallah, matar Yaya." Babu maganar aure, babu goro. Kaka ta amsa, sannan ta shiga gaisuwa irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. Ta tambayi matarsa. Ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, na gida da na aure. Ta tambayi jariri, ko ya fara zama. Ta tambayi kasuwa, ta tambayi ciwon bayansa, ta koma kan mutanen garinsu da suka rasu da waɗanda ba a san ko suna raye ba. Ta sa na kawo masa nama da ruwa, ta ce ba zai tashi bai taɓa ba.

Ina kallon shaddar. Ɗige-ɗige baƙaƙe suka fara sauka a kafaɗarsa, a hannun rigar, a gwiwa. Ya kai hannu wuya. Ya sosa bayan kunne. Ya ja ƙafarsa ya cusa a ƙarƙashin riga. Yana amsa gaisuwa yana mari, yana cewa lafiya lau yana mari. Kaka ma ana cizonta, na sani, amma ko motsi ba ta yi ba.

Can ta ce, "Alhaji ƙarami, me ke damunka ne kake ta dukan kanka a ɗakin mutane?"

Ya buga wuyansa da ƙarfi ya ce, "Kai, wannan ƙyashin naku ai sai ya..." Sai ya tsaya.

Ana jin ɗigar ruwa daga kwanon bene tana faɗawa cikin taɓo.

Kaka ta ce, "Ashe ka san shi."

Ya sauke idonsa kan buzu. Sannan ya ce, "Yaya ba zan san shi ba? Ba a fadama ɗaya ya ci mu ba?"

"To ranar da aka kawo maka maganata, me ka ce musu?"

Ya kai hannu ya sosa idon sawunsa.

Ta ce, "A duk kartiyen nan, daga ni sai kai muka rage da muka san sunan abin nan. Kalma ɗaya za ka faɗa wa matan gidanka."

Ya ce, "Matar Yaya, magana zarar bunu ce, ta riga ta fita." Ya gyara hularsa, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kuma in aka fasa wurin nan, ta ƙarƙashin ɗakin kaya ruwan zai bi. Atamfa ce a ciki har rufi."

Kaka ta gyaɗa kai a hankali kamar wadda aka gaya wa farashin abu. Ta ce, "Allah ya maimaita mana. Ka gaida gida." Ya tashi yana kakkaɓe riga ya fita. Sai ta ce mini, "Rufe."

Ina so mai karatu ya auna wannan da kyau, domin ni na yi shekaru ina auna shi. Matan suna ba su yi ƙarya ba, abin da kunnensu ya sani suka ji. Ɗan Alhaji ma a Douala aka haife shi. Mutum ɗaya ne ya ji maganar ya fahimce ta daidai tun ranar farko, ya kuma ga cewa muddin aka bar ta a karkace, babu wanda zai iya tambayarsa bututu ba tare da ya zama maƙyashi ba. Bai ƙaga komai ba, bai zagi kowa ba. Shiru kawai ya yi, ya bar matar da ta raine shi ta ɗauki sunan, katangarsa ta zauna lafiya. A wurina wannan ya fi ƙarya muni, domin maƙaryaci ko ba komai ana iya kama bakinsa.

Na gaya wa mahaifiyata abin da na ji. Ta ce in rufe bakina, maganar manya ce, kuma wa zai ɗauki shaidar yarinya a kan Alhaji? Na tabbata ta gaya wa mahaifina, domin bayan kwana biyu ya zo da wani yadi mai ƙananan ramuka ya buga a tagar da ƙusoshi, yana aikin bai dubi kowa ba. Yadin ya rage cizon, ya kuma tare ɗan iskar da ta saura. Washegari ya tafi ya buɗe rumfa kamar kullum. Kaka ba ta sake yi wa kowa bayani ba, ba ta kuma sake cewa a ɗauko faranti ba. Ta yi wasu daminun a ɗakin, sannan Allah ya karɓi abinsa. Alhaji ne ya tsaya a sahun gaba ranar jana'izarta, kuma an yaba masa ƙwarai da irin haƙurin da ya yi da ita.

Yau unguwar ta canza kamanni. Kusan kowa ya ɗaga gininsa ya cike rigol ɗin maƙwabcinsa, ruwan da aka hana hanya ya koma bin titi yana shiga gidan kowa, har da benen, wanda aka ƙara wa hawa. Ɗakin kaka ba a kwana a cikinsa, buhunan gawayi ake ajiyewa. 'Ya'yana suna jin Hausa, amma in abu ya cije su da Faransanci suke kuka. Na koya musu kalmar da ma'anarta biyu, suna saurarona kamar ina karanta musu darasin da ba zai fito a jarrabawa ba.

A watan jiya na je biki a kartiye. Wata dattijuwa, cikin matan da suka zauna a falon nan ranar suna, ta riƙe hannuna tana gabatar da ni ga wata baƙuwa. Ta rasa ta inda za ta kwatanta ni, sai ta ce, "Jikar tsohuwar nan ce ta bayan bene, mai ƙyashi, Allah ya jiƙanta."

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na yi mata bayani tun daga farko, a tsanake: rigol, katanga, taɓo, ƙwaron da yake rufe fikafikansa kamar almakashi, da abin da Alhaji ya faɗa da bakinsa a kan buzu. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta shafa bayan hannuna da tausayi na gaske ta ce, "Kada ki damu, 'yata. Ai tuni muka yafe mata."